Na ɗauki akitek ya tsara min ɗan sashena da wajen zane a Zariya, ga yadda ta kaya bayan shekara guda

Da gangan na ƙi cewa komai kan aikin nan sai da wajen ya sha damina ɗaya, hunturu ɗaya da zafin bazara ɗaya, don gini kam ranar da aka gama masa fenti kowanne kyau gare shi, sai ka zauna a ciki tukunna zaka san abin da ka siya. Kusan duk kwastoman da ya shigo yanzu sai ya tambaye ni wa ya yi min, nawa na kashe, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. To bari in faɗa gaba ɗaya, mai daɗi da mara daɗi. Sunansa dai ba zan kama ba saboda akwai inda zan ɗan taɓa shi, kuma yaro ne mai tasowa, bana son in zama sanadin tsole masa ido.

Ni sana'ata zane. Ina hoton mutane a kanbas da fentin mai da akirilik, ina rubutun Larabci na ado irin wanda ake ratayewa a falo, sannan lokacin saukar karatu ana kawo min alluna in yi zayyana. Wajen da nake magana sashe ne da ya faɗo min a rabon gado a cikin birnin Zariya, ɗakuna biyu kowanne ƙafa 12 da 12, ɗan tsakar gida da in ka shanya zannuwa uku ya cika, kicin, bayi, sai wani tsohon zaure da ya kalli lungu wanda bai fi ƙafa 10 da 14 ba, da aka mayar da shi wajen ajiye tarkace da buhunan masara. Mu uku ne, ni da madam da 'yarmu da a lokacin take shekara uku.

Da a ɗaki na biyu nake aiki, wanda kuma shi ne falo, shi ne wajen cin abinci, shi ne wajen baƙin madam. Kai wahala dai mun sha ta. Warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, har cikin filo, burushi a cikin kofin shayi, kanbas a jingine bayan kujera. Abin da ya kai ni bango shi ne wani hoton dattijo da 'ya'yansa suka ba ni, saura kwana biyu su zo karɓa, fentin mai ne bai bushe ba, na fita sallar la'asar na dawo na tarar yarinya ta ɗora tafin hannunta dai-dai kan gemun bawan Allah ta shafo har wuyan riga, tana ta dariya tana nuna min hannu. Ban ma iya faɗa ba, zama kawai na yi a ƙasa. Madam ta ce Malam ka zaɓa, ko kayan nan su bar ɗakin nan ko mu mu bar musu.

Wani abokina ne ya haɗa ni da yaron, yace ya karanci zanen gine-gine kuma yana karɓar ƙananan ayyuka. Gaskiya da farko dariya na yi, don a tunanina akitek na masu gini a GRA ne, mu irinmu birkila muke kira mu nuna masa da ƙafa a ƙasa mu ce daga nan zuwa nan. Amma da na ji kuɗin aikin nasa, na zane da sa ido, bai kai kuɗin wayar da ke hannuna ba, sai nace bari in gwada.

Abin da ya fara burge ni, kuma har yau shi nake ganin kuɗina ya siya, ranar farko bai zana komai ba. Ya auna ɗakunan da tef, ya fito da kamfas na waya ya duba gabas da arewa, sannan yace Malam in ba damuwa ina so in zo in wuni da kai, tun daga asuba har isha, ka yi aikinka kamar bana nan. Nace Injiniya wuni kuma? (Injiniya nake ce masa duk da sau goma yana gaya min shi ba injiniya ba ne.) Wlh haka aka yi, ranar wata Talata a watan Janairu muna fitowa masallaci na tarar da shi a ƙofar gida cikin rigar sanyi da ɗan littafinsa. Ya samu lungu ya zauna kan bokitin fenti. Lokaci-lokaci sai ya jefo tambaya, da wane hannu kake zane, a tsaye ko a zaune, in ka ja da baya ka kalli hoto taku nawa kake yi, ina kake ajiye wanda bai bushe ba, kwastoma in ya zo ina yake zama, mata suna zuwa ko maza ne kawai. Da yamma ya juyo min da littafin, ashe duk fitar da na yi zuwa famfon tsakar gida wanke burushi sai ya ja layi, layi 14. Ni da nake yi kullum ban taɓa sanin ina wannan zirga-zirgar ba, kuma duk fita sai na ɗiga ruwan fenti a hanya, abin da muke faɗa da madam a kai kenan tun da aka yi aure.

Ranata kuwa kusan iri ɗaya ce kullum. Bayan asuba in ɗan yi karatu in sha shayi, daga bakwai har azahar ina tsaye gaban kanbas don lokacin ne idona yake daidai da kala, bayan azahar zafi ya hana komai sai in kwanta, la'asar zuwa magariba lokacin kwastomomi ne da 'yan hira, bayan isha kuma in gari ya yi tsit sai in zauna a ƙasa in yi rubutu da zayyana, don shi alƙalami baya son hayaniya kuma ni ban iya rubutu a kan kujera ba, a tabarma na koya a tabarma na saba. A kan wannan ya ɗora komai. Ni da na tara masa hotunan situdiyo na Turawa da na kwaso a Instagram da Pinterest, manyan gilasai daga sama har ƙasa, farin tayil, sai ya kalla yace Malam wannan gilashin a Zariya a watan Afrilu gasa ka zai yi kamar tsire.

Zauren ya mayar wajen aiki, kuma hujjar da ya kawo ta zauna min, yace ai dama aikin zaure kenan tun kakanni, nan maigida yake sana'a yake ganin baƙi ba tare da an shiga cikin gida ba, ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Kafin ya taɓa bulo ko ɗaya sai da muka kwashe tarkacen ya zana komai da alli a ƙasa, nan tebur, nan sinki, nan wajen tsayawa, yace in yi kwana uku ina aiki a cikin zanen allin in ga inda zan yi tuntuɓe. A nan muka gane inda ya sa teburin fenti yana hagu ne ni kuma da dama nake ɗiba, aka goge da tsumma aka sake. Da an riga an kafa katako da sai dai haƙuri.

Maganar taga ita ce babba. Ya toshe tsohuwar tagar yamma wadda a da rana ke zubowa ta ciki da la'asar, ya buɗe wata doguwa a bangon arewa, can sama kusa da silin, yadda haske zai sauko ta kafaɗata ta hagu kar inuwar hannuna ta faɗa kan abin da nake zanawa. Masu zane a ko'ina a wannan ɓangaren na duniya suna son tagar arewa saboda haskenta baya sauyawa sosai daga safe zuwa yamma, kalar da ka haɗa da ƙarfe takwas ita zaka gani da sha biyu. Kuma gaskiya abin ya yi, tunda na koma ban sake haɗa kalar fata da safe in dawo da rana in ga ta koma kamar ta mai shawara ba. Tsawon zauren ya bar min shi fili, ƙafa 14 ɗin nan babu komai a tsakiya, in ja da baya taku biyar in kalli aiki ba tare da na take wani abu ba. Sinki ɗan ƙarami a lungu daf da inda nake tsayawa, layi 14 ɗin nan ya koma sifili. Kanbas masu jiran bushewa ya yi musu wani katako mai rabe-rabe a tsaye kamar yadda ake jera faranti, a sama inda hannun yaro baya kaiwa. Ƙasa kuwa ya hana ni sa tayil, yace a bar siminti a goge shi sumul, fenti zai zuba ko ka so ko ka ƙi, a tayil kullum kana cikin kankara a siminti kuwa ado ne. Na ji haushi a lokacin, yanzu na gode.

Mun yi musu sosai kan kalar bango. Ni fari tas nake so, shi yace toka-toka mara sheƙi, don farin bango yana dukan ido yana sa ka ga kalarka ta yi duhu sai ka yi ta ƙara haske a hoto, in an kai shi falon mai shi sai ya fito fayau. Na ƙi, ya yi shiru, kawai sai ya shafa kala biyun a bango ɗaya ya jingina hoto a tsakani yace duba da kanka. Toka-tokan aka yi.

Wajen rubutun dare ne ya fi shiga raina. Ɗan dakali ya gina a kusurwa, tsawon tabarma ɗaya, da wani gajeren tebur mai ɗan karkata wanda ake naɗe shi jikin bango in an gama, ga ƙananan ramuka a bango irin alkukin da na tawada da ƙaro da alƙaluma. Da la'asar dakalin nan shi ne wajen zaman kwastoma, da azahar nan nake ƙailula, da dare nan nake rubutu, abu ɗaya aiki uku. Fitilar wajen ya dage sai an nemo kwai mai lamba 5000K, wato mai haske irin na rana, ba ja ba kuma ba shuɗin nan mai kashe ido ba, mun sha yawo kafin mu samu don yawancin masu shago in ka tambaya sai su ce maka fari ne ai Alhaji. Ya haɗa shi da ɗan solar da batir saboda kar ɗauke wuta ya tsayar da ni a tsakiyar harafi. Sai ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ya raba ta biyu sama da ƙasa, in rufe ta ƙasa in bar ta sama a buɗe, yarinya tana leƙo ni muna hira, iska tana wucewa, amma gemun kowa ya tsira.

Wata rana muna shan shayi yake ba ni labarin Demas Nwoko, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ni a mai zane na san shi, tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ashe mutumin da kansa ya tsara ya gina wajen aikinsa a Ibadan da jar ƙasa, yana lissafin iska da haske maimakon dogaro da na'urar sanyaya ɗaki, har a 2023 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta masu gine-gine a Venis ta Italiya. Yace Nwoko da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin nan wajen shekarun 1830, su ne malamansa duk da bai taɓa zama gabansu ba. Na ce to Injiniya Allah ya kai ka, amma dai a gama min sinki tukun.

To yanzu inda aka samu matsala, kuma ba ƙarama ba ce.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wannan ko yaron da ke tallan rake ya sani. Ita kuma tagar nan tawa mai albarka tana kallon arewa, kuma luba ya sa mata, gilasan nan masu buɗewa layi-layi waɗanda ko ka rufe basa haɗuwa ruf. Watan Disamba na shiga sai na zo da safe na tarar da komai ya yi fari fat, kanta, burushi, kwalaben tawada, uwa uba wani hoton amarya da ango na fentin mai da ke kan bushewa, shi kuma fentin mai kwanaki yake ɗauka, ƙura ta manne masa kamar an barbaɗa gari, fuskar amarya ta koma kamar takardar sanfefa. Sai da na kankare na sake fuskar gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi a Janairu fa ya zo ya wuni, da idonsa ya ga hazo, har tari ya yi ta yi. Da na kira shi dai bai yi gardama ba, yace Malam laifina ne, na bi haske na manta ƙura. Aka cire lubar aka sa gilashi kafaffe da baya buɗewa, aka huda wata 'yar kafa mai raga ta kudu saboda warin tina ya samu hanyar fita, katakon shanya kanbas aka yi masa labulen leda mai zif. Kuɗin hannu bai karɓa ba, amma kayan ni na siya, kuma da an yi tun farko da ban biya sau biyu ba.

Na biyu ma tagar ce. Mu nan Zariya muna wajen digiri 11 ne a arewa da tsakiyar duniya, ba kamar Turai ba inda littattafan suke cewa rana bata taɓa leƙa bangon arewa da tsakar rana. A nan daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana karkata ta arewa. Wannan ya sani, ya yi wa tagar 'yar rumfa a sama, amma bai tare gefe ba, sai ga shi a watan Yuni da Yuli wajen ƙarfe biyar rana tana shigowa a kaikaice daga arewa maso yamma ta zana min layi a bango. Da yake ba lokacin fenti ba ne bai dame ni can ba, sai dai kwastoma yana kallon hotonsa haske na dukansa. Kwali nake tokarawa har yanzu.

Lokaci kuwa kar ma a yi magana. Sati shida yace, muka kusa wata huɗu. Wani ɓangare ba laifinsa ba ne, a farkon 2024 muka fara, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu 10 komai ya tashi, lissafin da muka yi ya wargaje sai da na tsaya na ƙara tara kuɗi. Amma kafintan da ya kawo shi kam nasa ne. Hannu gare shi ba ƙarya, sai dai gobe-gobensa ta fi ta tela ana gobe sallah, kuma a ƙarƙashin sinki ya lallaɓa ya sa MDF, allon nan na garin katako da aka matse, maimakon katakon da baya jin ruwa da aka rubuta a takarda, wata biyu ya kumbura ya fara marmashewa kamar burodin da ya jiƙe. Sa ido yana cikin abin da na biya, wannan ya kamata a ce ya kama. Sannan in aiki ya yi masa yawa a wani wajen sai ka kira sau uku bai ɗaga ba, sai dare ka ga saƙon ban haƙuri a WhatsApp. Soket ma biyu kacal ya sa min a zauren, kamar bai ga ina cajin waya da fanka da fitilar ɗaukar hoto ba.

Cikin gida bai yi wani abu mai yawa ba amma ɗan abin ya yi amfani, gado mai durowa a ƙasa, kanta a saman ƙofofi na akwatuna, ya matsar da igiyar shanya. Inda ya sha ƙasa shi ne da ya kawo shawarar a fitar da babban shogilas ɗin madam na kayan jere wai ya cinye kwatan falo. Ta dube shi sama da ƙasa tace Injiniya kana da aure? Yace a'a Hajiya. Tace to shi ya sa. Shogilas yana nan inda yake, sauran kayan ne suka zagaye shi.

In za a tambaye ni maki, a tunani da sauraro zan ba shi tara cikin goma, a sa ido kan ma'aikata da cika alkawari biyar ma na yi masa kara. Ga wanda gidan nasa ne, kuma sana'arsa a gida take, tela ne ko mai lalle ko mai ɗinkin hula ko mai zane irina, zan ce ya nemi irinsa, amma ya tabbatar mutumin zai zo ya zauna ya ga yadda yake wuni, in daga zuwa ya buɗe laftof ya fara nuna maka hotuna masu sheƙi to ka ba shi ruwa ya sha ku rabu lafiya. A rubuta irin katakon da za a sa a takarda kuma ka duba da idonka ranar da aka kawo, ka tambaye shi ƙurar hunturu ta ina zata shigo, hadarin gabas wane bango zai daka, tun kafin a fasa ko'ina. Ɗan haya kuwa kar ya fasa bangon mutane, ya tsaya kan abin da zai iya kwancewa ya tafi da shi, teburin naɗewa, katakon shanya, fitila mai kyau, su ma kaɗai ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Maganar tare gefen tagar nan yace zai zo da mai walda kafin Mayu. Wannan karo na uku kenan da yake faɗa, kwalin dai ban yar ba.